Kyankyaso Ba Wayo Ya Fi Mu Ba, Gashi Ne Da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani maƙwabci da duk mazaunin Legas ya san shi, ko a Agege yake kwana ko Idi-Araba ko Obalende, wato kyankyaso. Na san shafin wasiƙu ya fi sabawa da kukan tsadar mai da lalacewar hanya. A yi mini haƙuri na yau kaɗai.

Abin da ya sa na ɗauki biro wata magana ce da ta zauna a bakin mutanenmu, wai kyankyaso wayo ne da shi, da ka ɗaga silifa ya karanta abin da ke ranka. Akwai wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallacin unguwa, shi har cewa yake na Ikko ya fi na Arewa ilimi, tunda a birni aka haife shi. Ni ilimin dabbobi na karanta a jami'a kafin neman abinci ya kawo ni kasuwar Mile 12, inda nake riƙe wa maigidana lissafin albasa, kuma da ɗan abin da na sani nake cewa yabon nan ya yi wa kyankyaso yawa. Sa'ad da ya zille wa silifarka ba a nemi shawarar kansa ba. Gashi ne ya ji, ƙafa ta amsa.

In ka sami mataccen kyankyaso, babban nan ja mai fitowa daga kwata da sokawe da daddare, ka juya shi da tsinke, za ka ga wasu 'yan ƙahonni biyu gajeru a can ƙarshen bayansa, ɗaya dama ɗaya hagu. Yawancinmu ba mu taɓa kula da su ba, eriyar goshi muke kallo. A ƙasan kowane ƙaho akwai gashi siriri, kimanin 220 a jikin wanda ya girma, a jere layi-layi, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu da kyau. Ƙwaro ba shi da fata mai laushi irin tamu. Ɓawo ne mai tauri ya rufe shi tun daga kai har ƙafa, kuma ɓawon nan shi ne ƙashinsa. To, wanda ke cikin ɓawo ta ina zai san an taɓa shi? Ta gashi. Kowane gashi a tsaye yake cikin ɗan gurbi mai taushi da ke barinsa ya karkata, a gindinsa kuma akwai ƙwayar jijiya tana jira. Da ya karkata sai gindin ya danne bakin jijiyar, ita kuma ta saki saƙon lantarki.

Na ƙahonnin baya dogaye ne, ba su da nauyi, ba sai an taɓa su ba, motsin iska kaɗai ya ishe su. Kuma ba ko'ina suke kwantawa ba. Kowane layi da gefen da ya fi sauƙin kwantawa, saboda haka iskar da ta taso ta hagu wasu layuka take kwantarwa, wadda ta taso ta baya wasu daban. Daga layukan da suka yi magana da waɗanda suka yi shiru jiki yake gane ta inda hari ya ɓullo. Silifa kuwa, ko tsintsiya, ko tafin hannu, duk abin da ya taso da sauri sai ya turo iska a gabansa, iskar ta riga shi isa. Kai da kanka kake aika wa kyankyaso gargaɗi.

Wani masani mai suna Jeffrey Camhi, shi da abokan aikinsa a jami'ar Cornell ta Amurka, sun auna abin a 1978. Suka ga iskar da gudunta bai wuce milimita 12 a sakan ɗaya ba, wadda kai ba za ka ji ta a fatarka ba, ta isa ta sa shi zabura, matuƙar ta zo bagatatan. Nan ne abin ya ba ni sha'awa tun ina ɗalibi: ba ƙarfin iskar yake aunawa ba, saurin tasowarta yake aunawa. Tafiyarsa kanta tana kaɗa masa gashin, amma ba ta firgita shi. Da kowace iska ce ke sa shi gudu, da yunwa ta gama da shi bai kai ga ɓarɓashin burodi ba.

Daga gashin, saƙo yana taruwa a ƙullin jijiya na ƙarshe da ke cikin cikinsa. A nan wasu manyan jijiyoyi 14 suke karɓa, bakwai ta kowane gefe. Masu kauri ne ƙwarai in an gwada da sauran, kuma a jijiya kauri shi ne sauri: saƙo na tafiya cikinsu kimanin mita 6 zuwa 7 a sakan, a jikin da tsawonsa bai fi santimita 4 ba. Suna miƙewa zuwa ƙirji, inda akwai ƙulli uku, kowanne da ƙafafu biyun da yake riƙe da su. A can wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya suke raba aiki, wannan ƙafa ta tura, waccan ta ja, jiki ya juya ya ba hari baya, sannan a ruga. In a tsaye aka same shi, daga isowar iska zuwa motsin ƙafa kimanin kashi 50 ne cikin 1000 na sakan. In dama yana cikin tafiya, abin yakan sauko zuwa wajen 14. Ƙiftawar ido ɗaya tana cin 100 ko fiye. Mu ma muna da irinta: uwargida ta taɓa murfin tukunya mai zafi, hannu ya riga ya janye kafin ta ce wash, domin laka ce ta yanke hukunci, ƙwaƙwalwa daga baya labari ya iske ta.

Su Camhi ba da silifa suka gwada ba, da kwaɗo suka gwada, tunda shi ne abokin gabar asali. Suka ɗauki hoton farautar da kyamara mai sauri. A lokutan da kyankyaso ya tsira, ya fara juyawa ne tun harshen kwaɗon bai fito daga baki ba, iskar yunƙurin jikinsa ta riga ta tona masa asiri. Da aka shafe ƙahonnin da kaki, gashin ya daina motsi, sai tsira ta yi wuya, alhali idanunsa biyu lafiya lau, eriyarsa lafiya lau, ƙwaƙwalwar da ake yabo tana nan inda take. Ina wayon ya tafi?

An kuma cire ƙaho ɗaya aka bar ɗaya. Sai ya riƙa kuskuren gefe, iska ta taso ta ɓangaren da aka cire, shi kuma ya juya ya nufe ta. Bayan kimanin wata guda lissafin ya fara gyaruwa, ba tare da ƙahon ya dawo ba. Ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya kuwa gashi biyu kacal ne da shi a kowane ƙaho, huɗu ke nan duka, kuma da su yake gane gefen da zai bi. A 2008 wasu masana, cikinsu har da Paolo Domenici, suka nuna cewa ba hanya ɗaya yake bi kullum ba, akwai wasu kusurwoyi da yake zaɓa a cikinsu, wajen digiri 90 da 120 da 150 da 180 daga inda hari ya fito. Shi ya sa ba ka iya tare shi ka ce nan zai bi. In ya miƙe kuwa, an auna shi a Kalifoniya a 1991 yana cin mita ɗaya da rabi a sakan, tsawon jikinsa sau 50, har ƙafafun gaba su bar ƙasa ya rage na baya biyu.

Kada dai in zalunci kan kyankyaso. Yana da aikinsa. Kyankyason da aka cire wa kai zai zabura ya juya in an hura masa iska, amma gudun ba ya nisa. Ci gaba da gudu, da bin gindin bango da eriya har a sami rami, duk da sa hannun kai ake yi. Abin da nake cewa shi ne matakin farko, wanda a kansa ake rayuwa ko a mutu, a ƙirji ake yanke shi.

Gashin kuma ba a baya kaɗai yake ba, ƙafar kanta cike take da shi, kowanne da aikinsa. A gaɓoɓin ƙafa, inda take lanƙwashewa, akwai 'yan gajerun gashi masu tauri a cunkushe wuri ɗaya. In gaɓar ta naɗe, sai fatar mahaɗar ta hau kansu ta kwantar da su, ta haka ƙwaro ke sanin inda ƙafarsa ta kai ba tare da ya duba ba. A jami'ar Alberta ta Kanada, a 1976, Keir Pearson da abokan aikinsa suka gano cewa jijiyoyin ɗaya daga waɗannan tarin gashi kai tsaye suke haɗuwa da jijiyar da ke miƙar da ƙafa, babu ɗan aike a tsakani. Ƙafa ta naɗe ta kai iyaka, gashi ya kwanta, umarnin miƙewa ya fita. Da suka aske gashin, sai ƙafar baya ta riƙa wuce wuri tana karo da ta gabanta. Aski kawai, tafiya ta lalace.

A jikin fara aka fi bin diddigin gashin taɓawa. Malcolm Burrows na jami'ar Kambirij a Ingila ya shafe shekaru a kan haka. Abin da aka gani shi ne a cikin ƙullin ƙirji kowane yanki na ƙafa yana da wurinsa, gashin cinya da nasu, na ƙwauri da nasu, kuma ƙwayoyin jijiyar da ke wurin sun san tsokar da za su taɓa. Ka taɓa gashin wannan gefe, ƙafa ta kauce ta wancan. Ka sa tsinke a fiffikenta, ƙafar baya ta ɗago ta soshe daidai inda ka taɓa, ko da an yanke jijiyar da ta haɗa ƙirji da kai. Ƙuda ma haka ne, wanda aka cire wa kai in an taɓa masa gashi ɗaya a baya sai ya kawo ƙafa ya share wurin. Wasu gashin ƙafar ƙudan ma ɗanɗano suke ji, da ya taka sukari baki zai sauko. Mai shayin bakin layinmu bai ji daɗin wannan bayani ba.

Ranka ya daɗe, na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a majalisa: Turawa sun ƙoshi ne, shi ya sa suke kashe kuɗi a bayan kyankyaso. Ga amsata, kuma a kanta nake so masu karatu su tsaya.

Mu mutanen bakin iyaka ba mu manta da 2004 ba, shekarar da fara ta sauka a Nijar da Mali da Muritaniya, ta haɗu da ƙarancin ruwa, 'yan uwanmu na tsallake suka shiga yunwar 2005. Farar hamadar nan da ke rufe rana, a yawancin shekaru ba ta da taro. Ɗai-ɗai take rayuwa, launinta ya saje da ciyawa, in ta hango 'yar uwarta ma kaucewa take yi. Sai an yi ruwa a hamada, ciyawa ta tsiro, su hayayyafa, sannan ciyawar ta fara bushewa, dole ta tara su a ɗan abin da ya rage. A cunkoson nan ne hali ke sauyawa, su fara neman juna, launi ya canza, tafiya ta zama ta runduna. An daɗe da sanin cunkoso ne sila. Abin da ba a tantance ba shi ne ta wace ƙofa labarin cunkoson ke shiga jiki.

A 2001 Stephen Simpson da mutanensa a jami'ar Oksfod suka ɗauki ɗan burushin fenti suka riƙa shafar fara mai zaman kaɗaici, wuri-wuri a jikinta: wata a fuska, wata a eriya, wata a ciki, wata a ƙafa, ana yi ana maimaitawa na awa huɗu. Wadda aka shafa a gefen waje na cinyar ƙafar baya, inda gashin taɓawa suke, ita ce ta sauya hali ta koma neman taro. Wurin nan kuwa shi ne wanda ba ya gogar komai in fara tana tafiya ita kaɗai, sai in wata ta matso kusa. A 2009 suka ƙara gano cewa cikin awa biyu da fara gogayyar, wani sinadari mai suna sirotonin yana ninkawa kusan sau uku a ƙullin ƙirji, kuma in an toshe aikinsa sauyin ba ya faruwa. Gani da ƙanshin 'yan uwa in sun haɗu su ma suna iya jawo shi, amma taɓa cinya shi kaɗai ya wadatar. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana ɗauke da fara wajen miliyan 40, kuma a yini guda tana cin abin da mutum 35,000 za su ci. Wannan bala'i duka yana iya farawa daga gashin cinya. Shi ya sa masu sa ido kan fara suke shiga hamada neman wuraren da ta fara taruwa tun tana tsalle a ƙasa, kafin ta yi fiffike. Wanda gero ya taɓa ƙare masa a rumbu tun kafin bazara ba zai kira wannan bincike aikin ƙoshi ba.

Amsata ta biyu ta fi kusa da mu a nan Legas. Kowa ya ga kyankyason da aka fesa wa fiya-fiya, ya kife a bayansa yana ta shure-shure. Hanyar nan ce da na bayyana ta rikice. Tsakanin jijiyar gashi da manyan jijiyoyin nan akwai ɗan giɓi, kuma wani sinadari ne mai suna asitilkolin yake tsallakar da saƙo. Da ya isar, nan take wani sinadarin yake share shi don hanya ta buɗe wa saƙo na gaba. Yawancin fiya-fiya wani sinadari mai suna DDVP ne a ciki, shi kuwa aikinsa kashe mai sharar nan. Sai saƙo ya ƙi tsayawa, umarni ya yi ta sauka a ƙafafu ba kan gado har jiki ya gaza. Abin tsoron shi ne asitilkolin ɗin nan da mai share shi suna jikin ɗan Adam, har a jijiyoyin da ke motsa tsokar numfashi. Dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido, sarƙewar numfashi, su ne alamun ya shiga jikin mutum. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da magungunan gona masu DDVP a kasuwanni da kantuna barkatai. Duk da haka ina ganin samarinmu masu kwana a shago suna yayyafa shi su ja ƙofa su kwanta, ga zafin Legas, ga rashin taga, in an ɗauke wuta ko fanka babu. Wasu kuma a kan wake da busasshen kifi suke zuba shi. In an ce musu da haɗari sai su ce ai maganin ƙwari ne. Ina ganin da sun san ta inda yake kashe ƙwaron, da sun yi wa kansu lissafi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka riƙa ware wa irin wannan ilimi ko da rabin shafi ne, da Hausa, ka nemo malaman jami'o'inmu masu nazarin ƙwari su rubuta da bakinsu. Malaman makarantun unguwa kuma, na boko da na Islamiyya masu koyar da kimiyya, wannan darasi ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A sami roba mai zurfi, a shafa mai a bakinta ta ciki don kada ya hau, a sa kyankyaso ɗaya a bar shi ya natsu. A cire ruwan biro a bar bututun, yaro ya hura sau ɗaya ta bayansa daga hagu, a rubuta gefen da ya juya, a dakata, wani ya hura daga dama. In an yi ta hurawa ba hutu za a ga ya fara yin ko-oho, domin hanyar tana gajiya da saƙon da ya yi ta zuwa babu abin da ya biyo baya, wannan ma darasi ne. Gani ya kori ji.

Wanda ya so ya wuce nan, akwai gwajin da ɗalibai ke yi a ƙasashe da dama. Ana sa kyankyaso a ruwan ƙanƙara har ya sume, a yanke ƙafa ɗaya, a soka mata allura biyu, a haɗa su da ɗan amfilifaya da lasifika. Ƙayoyin nan da ke jere a ƙwaurinsa kowacce da jijiya a gindinta, kuma ƙafar tana awanni da rai bayan an yanke ta. Ka taɓa ƙaya ɗaya da tsinken sakace, sai ka ji lasifika ta ɗauki ƙara ƙaf-ƙaf-ƙaf, ka ɗauke hannu ta lafa. Saƙon jijiyar ne kake ji da kunnenka. Kayan haɗin duk akwai su a kasuwar Alaba, kuma masu gyaran rediyo ba su ƙare a Agege ba. Duk malamin da ya shirya ya neme ni ta ofishinku. Kyankyasan ni zan kawo daga sitonmu, kyauta, ko aji nawa ne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga Agege, Legas.